Jirgin Wasiƙu da Idon Baffa

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan Azahar

Mun dawo gida Abakpa, nan Inugu. Kwana biyu muka yi a asibiti, suka ce sauran jinya a gida ne. Ni na riƙe masa hannu wajen tsallake kwata. Baffa Sha'aibu, wanda ya riƙe ni tun ina shekara huɗu da mahaifina ya rasu, yau ni nake ce masa ɗaga ƙafa, sauke ƙafa.

Bandeji a ido biyu. Tun ranar Talata bai yi wa kowa magana ba, sai dai in ya kabbara salla in ga leɓensa yana motsi.

Na sayi littafin nan ne don rubuta lokutan ɗiga magani, ga shi tun a shafin farko na fara surutu. Gidan ne ya yi shiru da yawa, mu biyu kaɗai tun rasuwar Inna, matarsa.

Abin da ya faru a shagonsa ranar Talata, ba zan rubuta shi ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, da yamma

Koko cokali biyu. Tuwo ya dawo yadda ya tafi.

Asabar, 11 ga Mayu, bayan La'asar

Mama Obiageli ta zo, mai sayar da manja kusa da shagon gyaran rediyon Baffa a kasuwar Ogbete. Ita ta rufe shagon ranar, ita ta share ƙasan. Ta kawo jakarsa da makulli. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa ta ce, "Baba Radio, ndo," wato sannu da Ibo. Bai juyo ba. Da za ta tafi ta kama kafaɗata ta ce, "You no go cry for him front, you hear?" Wato kada in yi kuka a gabansa. Na ce na ji.

A cikin jakar na sami memori naɗe a takarda, da rubutunsa a jiki: Jirgin Wasiƙu.

Tun muna yara yake ba mu labarin shirin nan. Wai lokacin yana koyon aiki wurin ogansa, duk Laraba sai a kunna talabijin ɗin da aka kawo gyara, da sunan gwaji, a kalli shirin. Sunansa na Turanci daban ne, wannan shi ya raɗa masa. Bara ɗansa Yaya Abdulbasit ya samo masa shi ya aiko daga Fatakwal. Sau nawa ya ce in zo mu kalla, nake cewa ni ba na kallon abin da ba kala.

Yau na sa a wayata, na zauna a bakin gadonsa na kunna. Kiɗan farkon kamar sauro ya shiga garwa. Ina ganin yatsan ƙafarsa ya motsa.

Na ce, "Baffa, zan dinga faɗa maka abin da nake gani."

Ga abin da na gani. Jirgin faranti biyu ne aka kifa, wallahi har zaren da aka rataye shi ana gani. Taurarin kuma baƙin ƙyalle ne aka huhhuda. Aikinsu kai wasiƙu daga wannan duniyar zuwa waccan, kuma saboda nisa wata wasiƙar sai ta shekara talatin a hanya. Shugabarsu tsohuwa ce mai furfura, ba ta dariya. Ita Baffa yake kira Hajiya. Akwai makaniken jirgin, Dogo, kullum a tsorace. Sai mutum-mutumi mai kama da durom, Garwa.

Na yi ta surutu minti ashirin da biyar. Bai tanka ba. Amma bai juya bango ba.

Gobe ma zan kunna.

Litinin, 13 ga Mayu, da hantsi

Litinin, ranar zaman gida ta dole a yankin nan, ba fita. Titi shiru, ko keke ɗaya. Mun kalli kashi na uku.

Dodon da ya tare su bargo ne aka lulluɓa wa mutum, takalminsa ma ya fito. Na yi dariya har na manta inda nake. Amma abin da ya ba ni mamaki, duk shirmen nan sai da gabana ya faɗi lokacin da Dogo ya fita waje gyara, igiyarsa tana sulluɓewa. Na san zare ne. Na san ƙyalle ne. To me ya sa na riƙe numfashi?

Hajiya ta fara burge ni. In kowa ya rikice, ita sai ta gyara zaman jakar wasiƙu ta tambayi saura nisan nawa.

Ya sha rabin kofin shayi. Ban buɗe shagon ɗinkina ba, ban kuma san ranar da zan iya shiga cikinsa ba.

Talata, 14 ga Mayu, bayan Azahar

Yaya Abdulbasit ya kira. Ya ce in ya samu hutu zai zo ya ɗauki Baffa ya kai shi Kano wurin dangi. Na ce Baffa a Inugu aka haife shi, wa ya sani a Kano ban da masu zuwa biki? Sai ya faɗi wata magana.

Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa ba zan rubuta ba.

Laraba, 15 ga Mayu, da yamma

Asibiti. Bayan an canza bandeji likita ta kira ni waje ni kaɗai. Idon dama ya tafi. Na hagu akwai rabo, in an yi aiki kafin sati biyu, kuma a Anacha ake yi. Ta ba ni takarda da sunan wanda za mu gani.

A keke na ce masa, "Sun ce ana samun sauƙi."

Ban kunna komai ba yau.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan La'asar

Ya yi magana!

Kashi na huɗu muke kallo, ina ba shi labari na ce fitilu ukun da ke ƙirjin Garwa suna walƙiya. Sai kawai na ji murya kamar daga rijiya: "Huɗu ne."

Na tsayar. Na ce, "Na'am, Baffa?"

"Huɗu ne. Ta ƙasan ba ta kamawa sai in zai yi ƙarya."

Na ƙura ido. Ga ta kuwa, a mace, can ƙasa. Shekara arba'in da wani abu, yana riƙe da fitilar durom a kansa.

Na fita tsakar gida na yi abin da Mama Obiageli ta hana, na wanke fuska na dawo.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Allah Ya yafe mini, yau da gangan na dinga yi masa ƙarya. Na ce Hajiya ta sa ɗankunne. Ya ce ba ta taɓa sawa ba. Na ce Dogo ya ɗauko guduma. Ya ce sifana ce, kuma allon da yake kwancewa bayan tsohuwar rediyo ne, shi da ogansa sun gane tun a lokacin. A ta uku ya ce, "Ummi, ke makauniya ce ko ni?"

Shi ma ya ji abin da ya faɗa.

Amma ya ce Ummi. Sunan mahaifiyarsa Ruƙayyatu gare ni, bai taɓa kiran sunana ba sai Ummi, kuma kwana goma ban ji ba.

Ya ci shinkafa. Takardar likita tana ƙarƙashin katifata.

Lahadi, 19 ga Mayu, da yamma

Kashi na bakwai. Na so a ce ban kunna ba.

Sun isa wata duniya inda wani tsoho yake zaune shi kaɗai yana gadin fitila, shekara ashirin yana jiran saƙon iyalinsa. Ambulan ya yage a hanya, Dogo ya ga abin da ke ciki, labarin ba daɗi. Ya ce a jefar, a ce wa tsohon ba a samu komai ba, ya ci gaba da jiransa cikin kwanciyar hankali. Har Garwa ya goyi bayansa. Hajiya ta ce, yadda na fassara wa Baffa, ba mu muka rubuta ba, amma mu aka ba, kuma ba tamu ba ce da za mu riƙe.

Ta taka da ƙafarta ta kai masa. Ba kiɗa, ba komai. An nuna hannunsa kawai yana karɓa.

Na daina fassara. Baffa ya ce, "Ci gaba mana."

Na kashe wayar, na ɗauko takardar, na faɗa masa duka. Na dama. Na hagu. Anacha. Kwanakin da suka rage.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Ba wanda zai sake taɓa mini ido. Ja mini ƙofa."

Litinin, 20 ga Mayu, da rana

Bai ci ba. Bai yi magana ba.

Talata, 21 ga Mayu, da safe

Bai ci ba. Na ɗiga magani, bai hana ba. Na kira Gwaggo Ummulkulsum, ƙanwarsa da ke unguwar Fegge a Anacha, na ce ta gyara mana ɗaki, ranar Juma'a muna tafe. Ta ce ya yarda? Na ce zai yarda.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan La'asar

Dole ne in rubuta wannan.

Na shiga da shayi, ya ce in kunna na takwas. Na ce a'a. Ban taɓa ce masa a'a ba tun da nake.

Na ce, "Sai a Anacha."

Ya ce, "Ni na san yadda ya ƙare."

Na ce, "Ni ban sani ba. Kuma ba zan sani ba sai ka tashi."

Ya ce rashin kunya na koya a kasuwa. Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Baffa, in fushi kake da ni, ka yi, na cancanta. Ni na ɗauko batirin daga shagona na kawo maka, ni na ce ka yi sauri ina da ɗinkin biki. Ka zage ni, ka kore ni. Amma kada ka hukunta idonka saboda ni."

Ya lalubo kaina da hannu. Ya ce, "Au, abin da kike ɗauke da shi kenan?"

Ya ce shekara arba'in yana taɓa batir. Duk wanda ya koya wa aiki, abin da yake fara gaya masa shi ne ba a kusantar da wuta yana caji. Ranar shi ya yi, da hannunsa, don yana ganin ya wuce a koya masa, batirin ya fashe masa a fuska. Ya ce, "Ke aiki kika kai wa mai aiki. Kunya ce ta rufe mini baki, Ummi, ba fushi ba. Da wane ido zan koma Ogbete?" Sai ya ji abin da ya faɗa, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

Ya ce yana tsoro. Yanzu ko ba komai yana da wataƙila. In an yi aikin bai yi ba, wataƙilar ma ta tafi.

Na ce wataƙilar kwana bakwai ya rage mata, ko an yi ko ba a yi ba.

Ya sha shayin, ya huce ma. Ya ce a saka masa shaddarsa ruwan toka.

Juma'a, 24 ga Mayu, da yamma, Fegge

Hanya ta ba mu wuya, ramuka da shingaye, ina riƙe da kansa kada ya bugu. Gidan Gwaggo ɗaki biyu ne a bene na uku, ƙarar janareta ta ko'ina. Tana ganinsa ta fashe da kuka, shi ya koma rarrashinta: "Haba Ummulkulsum, gaisuwa ma ba za a yi ba?" Suka yi ta, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, kamar ba komai.

Na cika alkawari. Na takwas da na tara. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Wannan shirmen ne har yanzu? Saboda shi Yaya Sha'aibu ya sha dukan makarantar dare." Ta ce minti biyar za ta zauna. Miyarta ta kama.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan Azahar

Likitan nan ya duba. Talata za a yi aikin. Bai yi alkawarin komai ba, na kuma ji daɗin hakan.

Kashi na goma bai yi mini daɗi ba. An kawo wani kyakkyawan saurayi yana koya wa Hajiya aikinta, ita kuma an sa ta yi shiru. Na ce wanda ya rubuta wannan bai san ta ba. Baffa ya ce shi ma tun yana yaro yake jin haushin kashin nan. Mun yi rabin awa muna zagin mutumin da wataƙila ya daɗe a ƙasa.

Talata, 28 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sun shiga da shi. Ina kan benci. Yaya Abdulbasit ya kira sau uku, a na ukun ya ce, "Kin ci abinci kuwa?" Daga wurinsa wannan ban-haƙuri ne. Na karɓa.

Talata, ƙarfe biyu

Ya fito. Sai an kwance bandeji za a sani.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan La'asar

Goma sha ɗaya, goma sha biyu. Jirgin ya lalace, mai ya kusa ƙarewa, wasiƙa ɗaya ta rage a jaka, kuma sunan Hajiya ne a jiki. Na danna na goma sha uku, na ƙarshe. Ya ƙi buɗewa. Na cire memorin na hura na mayar, na sa a wayar Gwaggo, na nema a intanet. Babu.

Haushi ya sa na kusa jifa da wayar. Baffa yana kwance rigingine, an hana shi motsa kai, ya ce, "Zauna. Ni zan faɗa miki abin da nake gani."

Ya ba da shi tun daga kiɗan farko, har da kwaikwayon muryar Garwa. Wasiƙar daga gida take, an ce ta ajiye aiki ta dawo ta huta. Man da ya rage na tafiya ɗaya ne. Sai ga wata ƙaramar duniya tana kira, suna da buhun wasiƙu shekara goma ba wanda ya zo ɗauka. Hajiya ta karanta tata sau biyu, ta ninke, ta ce wa Dogo ya juya kan jirgi wurin masu kira.

Na ce, "Sun isa?"

Ya ce a nan wuta ta ɗauke a shagon ogansa. Bai taɓa ganin minti biyar ɗin ƙarshe ba. Bara da aka aiko masa, shi ma na goma sha ukun ya fara dannawa, ya ƙi buɗewa.

Gwaggo ta ce, "Amma dai an cuce mu." Muka yi dariya har ya ce mu bari, ɗinkin yana ja.

Ni na ce sun isa. Ba wanda ya isa ya musa mini.

Talata, 4 ga Yuni, da rana

An kwance.

Ya daɗe yana ƙifta ido, hawaye yana zuba. Likita ya ɗaga hannu, bai ga yatsu ba. Ya ga taga. Ya ga wani abu ya gifta. Na matso kusa sosai, ya ce, "Mayafinki ja ne?" Ruwan goro ne. Na ce eh.

Likita ya ce zai ƙaru kaɗan, ba da yawa ba. Zai ga hanya, zai ga mutum. Ƙananan abubuwa kuwa, a haƙura.

Duk aikinsa ƙananan abubuwa ne.

Asabar, 8 ga Yuni, da yamma, Abakpa

Yaya Abdulbasit ya zo da mota. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo maganar Kano, in kuma ba Kano ba to Fatakwal, ɗaki yana nan. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya sa masa albarka, ya ce, "Akwai rediyon mutane goma sha ɗaya a shagona. Ba su ba ni don in tafi da makulli ba."

Yaya ya ce, "Baba, da me za ka gyara?"

Ya ce, "Kunnena lafiya lau, yatsuna lafiya lau. Ummi tana zura zare a allura ba ta dubawa."

Ba wanda ya tambaye ni. Na ce da safe ina Ogbete, da yamma ina kan keken ɗinkina. Yaya ya dube ni ya dube shi, ya ce mu biyun duk ɗaya ne, ba a iya mana. Zai kwana, da safe ya koma.

Talata, 11 ga Yuni, bayan Magariba

Mun buɗe shago.

Tun daga bakin layi 'yan albasa suka taso, sannu Malam Sha'aibu, ya jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ya amsa wa kowa da sunansa, da murya yake gane su. Mama Obiageli ta saki mazubin manja ta yi ta ihu da Ibo har masu doya suka leƙo.

A bakin ƙofa na tsaya. Akwai tabo a jikin bango, fari, inda fenti ya ci. Ban san yana iya ganinsa ba sai da ya ce, "Bar kallon bango. Ɗauko ta saman, mai karyayyar eriya."

Ya kunna ta a kunnensa, ya ƙwanƙwasa, ya ce in kwance baya. Ya bi da yatsa har ya tsaya a wani wuri, ya ce in karanta masa lambar da ke jikin wani abu kamar ƙwayar wake. Na karanta. Ya ce shi ne. Ya miƙo mini ƙarfen solda ta wajen mariƙi.

Na ƙone a babban yatsa. Hayaƙin dalma ya sa ni tari. Da na gama rediyon ta yi magana, har na fara murna. Ya jira ya huce, ya shafa wurin ya ce, "Wannan kashin kaza ne. Wata biyu zai saki. Warware."

Na warware. Sau huɗu.

A na biyar ya shafa, ya sake shafawa. Ya miƙa hannu saman kanta ya lalubo rediyo ta biyu, ya ajiye a gabana.